Yaya ga amsarka kan korona da rigar ruwan goron nan

Yaya barka da war haka, ya iyali, ya jikin Hajiya. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, zama ne ban samu ba, aikin dare nake satin nan, kuma tambayar taka ba irin wadda ake amsawa a tsaitsaye ba ce. Abu biyu ka haɗa min, ka ce gardama ta kaure a majalisarku kan ko mutanen Kanada sun yaba wa gwamnatinsu a kan korona tunda kun ji har kuɗi aka riƙa rabawa, sannan can ƙasa ka ƙara da cewa ka ga hoton yara duk da riga ruwan goro, ko kulob ɗin ƙwallo suka shiga. Wallahi sai da na yi dariya. Ba ƙwallo ba ce. Kuma ka ga tambayoyin nan biyu, mu nan Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba, a shekara ɗaya suka cakuɗe mana, 2021, shi ya sa zan haɗa maka su.

Maganar kuɗi gaskiya ce ba ƙarya. Daga watan Afrilun 2020 duk wanda korona ta raba da aikinsa ana ba shi dala 2000 kowane sati huɗu, CERB suke ce mata, ka cike fom a intanet, kwana uku ka ji alat, ba wani kansila ba wani ɗan siyasa da zai saka sunanka a lis. Mu 'yan Najeriya da 'yan Nijar da ke nan ai baki muka saki. Balle da Oktoba ta zo kuka fara turo mana bidiyon mutane suna fasa sito suna kwasar taliya da buhunan tallafi da aka ɓoye, sai muka ƙara cewa kai, wannan ƙasa ai sai godiya. In da mu kaɗai aka tambaya da gwamnati ta ci ɗari bisa ɗari. To amma Bature ba ya yi wa gwamnati godiya irin tamu, in ka ce masa an kyauta sai ya ce maka kuɗin harajina ne aka dawo min da shi, wa ya kyauta wa wa. Kuma daga baya hukumar haraji ta bi mutane da yawa da wasiƙa, duk wanda ya karɓa bai cika sharaɗi ba ya dawo da kuɗi, na san wanda har yanzu yana biya kaɗan kaɗan.

Abin da ba ku gani daga can shi ne harkar lafiya a nan ba ta Otawa babban birnin ƙasa ba ce, ta lardi ce. Kowane lardi da firimiyansa, irin muƙamin Sardauna a da, shi ke da asibiti shi ke sa dokar kulle. Gwamnatin tarayya, wadda Firaminista Trudeau ke jagoranta a lokacin, kuɗi ne nata da bakin boda da sayo rigakafi. Don haka in ka tambayi mutum ya gwamnati ta yi, sai ya ce maka wacce daga ciki. Namu firimiyan a Manitoba lokacin Brian Pallister ne. A Nuwambar 2020 ya sa kulle mai tsanani, har kantuna aka hana su sayar da abin da ba na dole ba, ka shiga sayen madara ka tarar an zagaye ɓangaren kayan sawa da na wasan yara da leda, kana gani ba dama ka ɗauka. Shi da bakinsa ya fito a talabijin ya ce shi ne mutumin da ya sace musu Kirsimeti don ya tsare lafiyarsu. Mu kuwa azumin 2020 gaba ɗaya ba tarawihi a masallaci, sallar idi a falo na ja maman yara da yara, huɗuba kuwa ba a maganarta. A Kebek dokar hana fitan dare ma suka sa daga ƙarfe 8, a Janairun 2021.

Inda aka ji kunya shi ne gidajen tsofaffi, kuma wannan ba labari aka ba ni ba tunda ka san aikina ke nan. A zagayen farko na cutar kusan mutum 8 cikin 10 da suka mutu a Kanada a irin gidajen nan suka mutu. Sai da aka tura sojoji Kebek da Ontariyo su taya aiki, rahoton da sojojin suka rubuta kuwa ya tada hankalin kowa, tsoho ya wuni cikin ƙazantarsa ba mai canja masa. Ni inda nake aiki ba zan manta wata tsohuwa ba, 'yarta tana zuwa ta tsaya a bakin taga cikin dusar ƙanƙara tana ɗaga mata hannu, a haka har rai ya yi halinsa, hannuna ta riƙe ba na 'yarta ba. Galibinmu masu wannan aiki baƙi ne, 'yan Filifin da Indiyawa da mu 'yan Afirka. Ranar na tuna Hajiya, na ce duk talaucinmu dai tsohonmu a tsakar gida yake cikawa ana yi masa kalmar shahada. A Mayun 2021 kuma asibitocinmu suka cika har aka riƙa ɗaukar marasa lafiya a jirgi ana kai su Ontariyo.

Su nan suna da al'adar jin ra'ayin jama'a, kamfanoni ne sana'arsu ke nan irin su Angus Reid da Leger, su kira ka ko su turo maka tambayoyi, sai ka ji sakamakon a labarai. Da farko kusan kowane shugaba farin jininsa ya hau, tsoro ya haɗa kan mutane. Da tafiya ta yi nisa aka gaji, kowa ya fara saukowa, Pallister kuwa yana cikin na can ƙasa. Trudeau ya ɗauka sayo rigakafi zai saya masa rinjaye, ya kira zaɓe kafin lokaci ranar 20 ga Satumba 2021, ya shiga da kujera 157 da ya ci a 2019 ya fito da 160, wato an sha wahalar banza. Sai kuma ƙarshen Janairun 2022 direbobin tirela suka cika tsakiyar Otawa sati uku suna hon dare da rana don an ce sai da rigakafi za su tsallaka bodar Amurka, aka tare gadar Windsor, aka tare bodarmu ta Emerson, ranar 14 ga Fabrairu Trudeau ya ɗauko dokar ta-ɓaci har aka rufe wa wasu asusun banki. Nan ma kanmu ya rabu. Wasu suka ce maganinsu ke nan, wasu suka ce a'a, mu da muka san gwamnati in ta koyi taɓa akawun ɗin mutum ba ta mantawa. Kwamitin bincike ya ce an yi daidai, kotun tarayya a Janairun 2024 ta ce an wuce gona da iri. To ka gaya wa 'yan majalisarku kowa ya ci gardamar rabi.

Yanzu rigar.

Sai na fara da abin da ba na jin daɗin faɗa. Ranar da na sauka garin nan, tun a mota daga filin jirgi, ɗan uwanmu da ya ɗauko ni ya fara min karatu, kar ka kama haya a North End, kar ka bi Main Street da dare, 'yan asalin ƙasar nan mashaya ne, ba sa aiki, gwamnati ke ciyar da su. Na haɗiye ban tauna ba. Kuma da na ga wasu a kwance a tashar bas cikin sanyin da ya fi na firiza sai na ce ai ga shi nan. Shekara takwas ina gari ɗaya da su, kuma babu birnin da ya kai Winnipeg yawansu a duk Kanada, sun haura dubu 100, amma ban taɓa tambayar me ya kai su haka ba. Ba ni kaɗai ba, haka muke gaya wa duk baƙon da ya zo, kamar gado. Iri uku ne su, akwai waɗanda ake ce wa First Nations irin su Cree da Anishinaabe da Dakota da Dene, akwai Inuit can arewa cikin ƙanƙara, akwai Métis ruwa biyu, dukansu wajen kashi 5 cikin 100 na mutanen ƙasar.

Ƙarshen Mayun 2021, muna tsakiyar kulle kowa na gida yana kallon waya, sai labari ya fito daga Kamloops can yamma cewa na'urar da ke hango ƙarƙashin ƙasa ta nuna alamun kaburbura wajen 215 a harabar wata tsohuwar makarantar kwana. Alamu na'ura ta nuna, ba tono aka yi ba, wannan har yau ana ja-in-ja a kai. Wata guda bai cika ba mutanen Cowessess a Saskatchewan suka ce su ma 751. Aka sauke tuta rabin sanda har Nuwamba. Mutane suka riƙa kai ƙananan takalman yara suna jerawa a matakalar majalisar lardi, na je na gani da idona, takalma ƙanana kamar a ƙofar makarantar allo amma ba masu su.

In na ce makarantar kwana kar ranka ya tafi Barewa ko Rumfa. Ka tuna labarin da Baba ke ba mu yadda ake ɓoye yara a rumbu in dogarai sun zo ɗiban 'yan boko? To ka ɗauki wannan tsoron na kakanninmu ka ce ya tabbata gaba ɗaya. Namu sun je boko sun dawo da Hausarsu da sallarsu. Su waɗannan, gwamnati ke biya coci ke gudanarwa, mafi yawa Katolika, kuma manufar a fili take, a raba yaro da harshensa da addininsa da iyayensa. Daga 1920 doka ta tilasta, in uba ya ƙi ɗan sanda ya zo. A aske wa yaro gashi, a canja masa suna, wani ma lamba ce sunansa, in ya yi yarensu a dake shi, ga yunwa ga tarin fuka ga lalata da yara da manya suka riƙa yi. Tun 1907 wani likitan gwamnati Peter Bryce ya rubuta cewa yara na mutuwa kamar kiyashi, aka share shi. Yara wajen 150,000 suka bi ta cikin makarantun nan, sunayen waɗanda aka tabbatar sun mutu a ciki sun wuce 4000, kuma ba tarihin kaka da kakanni ba ne Yaya, a 1996 ana rufe irinsu, lokacin kai kana sakandare. Ɗaya ma a cikin garin nan take, a Academy Road, na sha wucewa ta gabanta. Yaron da ya tashi bai ga yadda uwa ke rainon ɗa ba, ya girma ya haihu, me zai ba nasa ɗan? Mutumin da na gani a tashar bas ke nan.

Abin da ya ba ni mamaki ba ɓoyayyen abu ba ne. Firaminista Harper ya nemi gafara tun 2008, hukumar gaskiya da sulhu ƙarƙashin alƙali Murray Sinclair ta saurari dubban mutane ta fitar da shawarwari 94 a 2015. Amma da aka yi jin ra'ayi bayan Kamloops fiye da rabin mutane suka ce kaɗan suka sani ko ba su san komai ba. Turawan da aka haifa a nan ke nan, ba a koya musu a makaranta ba. Balle mu.

Wadda ta buɗe min ido wata dattijuwa ce da muke aiki tare, 'yar Cree daga arewacin lardin nan. Lokacin da rigakafi ya zo gwamnatin Manitoba ta rage wa 'yan First Nations shekara 20 a layi, wato in ana yi wa ɗan 75 su ɗan 55 ya isa, saboda cutar ta fi kama su da ƙuruciya kuma ta fi kai su asibiti. Mutane suka yi ta gunaguni, har da namu, wai komai su ake fifitawa. Ita kuwa ga ta a gaban layi tana ja da baya. Na ce mata ke da kike aikin lafiya? Sai ta ce a 2009 lokacin murar aladu garuruwansu sun nemi taimako, abin da ya iso cikin kayan da Otawa ta aiko har da jakunkunan saka gawa. Ta ce a shekarun 1940 an yi gwajin abinci a kan mutanensu da yaran makarantun nan, ana ganin suna yunwa aka bar su a haka don a auna. Duk na bincika daga baya, haka ne. Ni kuma na ba ta labarin Kano 1996, sanƙarau, maganin Trovan na Pfizer, yara 200 aka gwada 11 suka mutu, da yadda bayan nan aka dakatar da allurar shan inna a 2003. Ta daɗe tana kallona ta ce ashe kun sani. Ka ga lokacin da ake ta yi wa mutanenmu dariya don sun ce babu korona, ni ma na yi fushi da su, kuma har gobe ina cewa kuskure ne, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ƙarshe ta yi allurar, ba don minista ya ce ba, don dattawan garinsu su suka fara miƙa hannu, kuma shugabanninsu da likitocinsu su suka riƙe abin, har shinge suka sa a bakin garuruwansu ba shiga ba fita.

Ita ce kuma ta tambaye ni ko na san daga ina ruwan famfona yake zuwa. Ban sani ba. Daga Shoal Lake ne, wajen kilomita 150 gabas da mu, tun 1919 aka ja shi. Wurin aikin ne aka yanke garin 'yan asalin wurin ya koma tsibiri, ba su samu hanyar mota ba sai 2019, kuma shekara 24 daga 1997 zuwa Satumbar 2021 ruwansu ba ya shawuwa sai an tafasa. Wato duk lokacin da rediyo ke cewa ku wanke hannu ku wanke hannu, ni ina alwala da ruwan tafkinsu su kuma suna jiran ruwan jarka. To ka tambayi mutumin nan ya gwamnati ta yi da korona, ka tambaye ni mai murnar alat, ai ba amsa ɗaya za ka ji ba.

Ranar 1 ga Yuli 2021, ranar bikin ƙasa, masu zanga-zanga suka sa igiya suka kayar da gunkin Sarauniya Biktoriya a gaban majalisar lardinmu. Pallister ya fito yana cewa waɗanda suka zo ƙasar nan ginawa suka zo yi ba rushewa ba, ministarsa mai kula da harkar 'yan asali ta ajiye aiki, ranar 1 ga Satumba shi ma ya tafi. Korona ta raunata shi wannan ta ƙarasa. A 2023 lardin ya zaɓi Wab Kinew, ɗan Anishinaabe wanda mahaifinsa ya yi irin makarantar nan.

Rigar kuwa asalinta wata mata ce Phyllis Webstad. Tana shekara 6 a 1973 kakarta ta saya mata sabuwar riga ruwan goro don ranar farko a makaranta, tana isa aka tuɓe mata ba ta sake ganinta ba. Shi ne duk 30 ga Satumba ake sakawa, daga 2021 ta zama ranar hutu ta tarayya. A ta farkon ma Trudeau aka gano ya tafi shan iska bakin teku a Tofino, sai da ya ba da haƙuri. Fafaroma Francis ya zo Alberta a Yulin 2022 ya nemi gafara. An canja wa wani babban titinmu suna daga sunan bishop zuwa Abinojii Mikanah, wato hanyar yara. Rantsuwar zama ɗan ƙasa ma an ƙara mata layi a 2021, ni da na yi tawa ta kwamfuta sai da na furta cewa zan kiyaye dokokin da suka amince da haƙƙin 'yan asali da yarjejeniyoyin da aka ƙulla da su. Garin nan a ƙarƙashin yarjejeniya ta 1 yake, ta 1871, kuma kowane taro sai an buɗe da ambaton haka, wani lokaci har abin ya zama kamar karatun aku, a faɗa a wuce ba abin da ya canja.

Mu Hausawan nan ba mu da yawa kuma bakinmu bai zo ɗaya ba. Akwai masu cewa ba ruwanmu, mu baƙi ne, ba kakanmu ya yi ba, mu nemi halaliyarmu mu yi shiru. Na gane su, amma ban yarda ba, don gidan da nake biya a kan ƙasar wani yake, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba wai na zama waliyyi ba ne, har yanzu in na ga maye a bas da dare ina matsawa, an taɓa fasa min gilashin mota ma. Abin da na daina shi ne yi wa sabon zuwa wancan karatun na cikin mota. Yaranmu kuwa sun fi mu sani nesa ba kusa ba, a firamare ake koya musu, babbar ita ta ce lallai sai an saya musu rigar har da auta.

Dattijuwar nan ta yi ritaya bara. Kafin ta tafi ta tambaye ni ko yarana suna jin yarenmu, na ce suna ji amma da Turanci suke amsawa. Ba ta ce komai ba, ta dai ce ita tana da shekara 50 ta koma aji tana koyon Cree, don uwarta ta ƙi koya mata saboda dukan da ta sha a kansa. Don Allah in ka je gida ranar Juma'a ka ɗauki wayarka ka sa Hajiya ta yi musu tatsuniya ko biyu, ta Gizo da Ƙoƙi da ta ɗan kutungayya, ka turo min ta WhatsApp, kar ka bari ta gajarta. Ka gaida Anti da yara, kuɗin maganin kuma sai ranar Litinin in an biya mu.